Fashin Baƙi Kan Karatun Lissafin Aiki Haɗe da Kimiyyar Kwamfuta a Jami'a

Jami'o'i da dama suna bayar da digiri guda da ya haɗa lissafin aiki da kimiyyar kwamfuta, kuma masu neman gurbin karatu sukan yi masa ɗaya daga cikin fahimta biyu. Wasu na ɗaukarsa kwas ɗin kwamfuta da aka cusa wa lissafi domin a tsaurara shi, wasu kuma na ganinsa kwas ɗin lissafi da aka yayyafa wa kwamfuta domin wanda ya kammala ya samu aiki da wuri. Duka fahimtar biyu sun tsallake ainihin abin da ake koyarwa, wanda yake a mahaɗar fannonin, wato inda lissafin kan takarda, da bai san iyaka ba, ya faɗa hannun na'ura mai ƙayyadadden wurin ajiya da ƙayyadadden lokaci. A wannan mahaɗa tambayoyi biyu ne ke bin ɗalibi tun daga shekararsa ta farko har ya fita: amsar da na'ura ta bayar, yaya kusancinta da gaskiya, kuma wane lokaci da wurin ajiya za ta ci kafin ta fito?

Lissafin aiki yana farawa ne daga wata matsala ta zahiri, a rage ta zuwa lambobi da ikweshon, a warware, sannan a koma a gwada amsar da abin da ke faruwa. A shekarar 1927, William Kermack da Anderson McKendrick sun kasa al'umma gida uku domin nazarin annoba: waɗanda za su iya kamuwa, waɗanda suka kamu, da waɗanda suka fita daga lissafin saboda warkewa ko mutuwa. Ikweshon uku ne kacal suka bayyana yadda mutane ke ƙetarawa daga wannan gida zuwa wancan, kuma ɗalibin aji biyu zai iya rubuta su a rabin shafi. Sai dai babu wata gajeriyar ƙa'ida mai sauƙi da za a saka rana ta 40 a cikinta ta fitar da adadin marasa lafiya. Dole a bi lokaci taki-taki, a lissafa halin gobe daga halin yau, a maimaita sau dubbai. Haka akasarin ikweshon da ke siffanta iska, ruwa, zafi da zirga-zirgar kuɗi suke, kuma wannan ne ya sa lissafin aiki ya kasance cikin buƙatar na'ura tun kafin a ƙera ta.

Labarin Lewis Fry Richardson na Ingila ya nuna girman wannan buƙata. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɗauki kimanin mako shida yana lissafi da hannu domin hasashen yanayi na sa'a shida, kuma amsar da ya samu, sauyin matsin iska na miliba 145, ta yi hannun riga da abin da ya faru. A 1922 ya ƙiyasta cewa sai an tara mutum 64,000 suna lissafi tare kafin hasashe ya riga yanayin da ake hasashe isowa. Bincike na baya ya nuna cewa tsarinsa yana kan hanya, illar tana cikin bayanan farko da ba a tace ba. A 1950 ne ayarin Jule Charney da John von Neumann suka gudanar da hasashen yanayi na farko da kwamfuta, a kan na'urar ENIAC a Amurka, kuma hasashen sa'a 24 ya ci kusan sa'a 24 na aiki.

Su kansu sassan kimiyyar kwamfuta, da yawa daga cikinsu daga ɗakunan lissafi suka fito. Alan Turing masanin lissafi ne lokacin da ya nuna a 1936 cewa akwai tambayoyin da babu wata na'ura da za ta iya amsa su ko da an ba ta lokaci marar iyaka. Difilomar da Jami'ar Cambridge ta fara a 1953 ta haɗa nazarin lissafin lambobi da sarrafa na'ura a suna ɗaya. Jami'ar Purdue ta buɗe sashen kimiyyar kwamfuta a 1962, Stanford ta buɗe nata a 1965 ƙarƙashin George Forsythe, wanda fanninsa nazarin lissafin lambobi ne, Jami'ar Mosko kuma ta kafa tsangayar lissafin na'ura a 1970 ƙarƙashin Andrey Tikhonov. Har yanzu makarantar kimiyyar kwamfuta ta Jami'ar Waterloo a Kanada tana cikin tsangayar lissafi. Saboda haka haɗakar ita ce tsohon tsari, rabuwar ce ta zo daga baya da fannonin suka bunƙasa.

Tambayar farko, wato ta kusancin amsa da gaskiya, ita ce ta fi ba sabon ɗalibi mamaki, domin ya taso da yaƙinin cewa kwamfuta ba ta kuskuren lissafi. Idan ya buɗe harshen Python ya rubuta 0.1 + 0.2, amsar da zai gani ita ce 0.30000000000000004. Na'urar lafiyarta ƙalau. Abin da ya faru shi ne kwamfuta tana ajiye lambobi da sifiri da ɗaya, kuma a wannan tsari kashi ɗaya cikin goma ba ya ƙarewa, kamar yadda kashi ɗaya cikin uku ba ya ƙarewa idan aka rubuta shi 0.3333. Ƙa'idar IEEE 754 ta 1985, wadda kusan kowace kwamfuta ke bi, ta ware bit 64, wato gurabe 64 na sifiri ko ɗaya, ga irin wannan lamba, abin da ke ba da alƙaluma kimanin 16 masu inganci, sauran kuma a kai su ga mafi kusa. Kuskure a alƙalami na 17 ba ya cutar da kowa idan sau ɗaya ne. Yana zama bala'i ne idan ya taru, ko kuma idan aka ɗebe lambobi biyu masu kusanci da juna: wanda ya ɗebe 1.2345677 daga 1.2345678 ya shiga da alƙaluma takwas ya fito da ɗaya, kuma wannan ɗayan shi ne wanda aka fi shakka a kansa tun farko.

Ranar 25 ga Fabrairun 1991, lokacin Yaƙin Tekun Fasha, na'urar kakkaɓo makamai ta Patriot da ke Dhahran a Saudiyya ta kasa tare wani makami mai linzami na Iraƙi, kuma sojojin Amurka 28 suka mutu. Agogon na'urar yana ƙirga lokaci ne da kashi ɗaya cikin goma na sakan, kuma an ajiye wannan kashi a bit 24, abin da ya bar giɓin kimanin 0.000000095 na sakan a kowane bugu. Na'urar ta yi kusan sa'a 100 a kunne, wato bugu 3,600,000, sai giɓin ya taru ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na sakan. Makamin da ke gudun fiye da kilomita ɗaya da rabi a sakan guda yana cin sama da rabin kilomita a wannan ɗan lokaci, don haka na'urar ta neme shi a inda ba ya nan. Lissafin da zai tona wannan matsala ninkawa ɗaya ce da ɗan sakandare zai iya yi, amma sai wanda ya san yadda na'ura ke ajiye lamba, kuma ya saba tambayar inda kuskure ke taruwa, zai yi tunanin yin ta. Makamancin haka ya faru da ma'aunin kasuwar hannayen jari ta Vancouver, wanda aka fara da 1,000 a 1982 ana yanke alƙaluman bayan ɗigo maimakon a kai su ga mafi kusa. A Nuwamban 1983 yana nuna 524.811, da aka gyara lissafin sai ya koma 1,098.892.

Akwai wani bambanci mai zurfi da ɗalibi ke koya a nan, tsakanin kuskuren da hanyar warwarewa ta jawo da wanda ke cikin jinin matsalar kanta. A 1961 Edward Lorenz ya sake gudanar da wani samfurin yanayi, ya shigar da 0.506 a madadin 0.506127, kuma bayan ɗan lokaci sakamakon ya sha bamban da na farko gaba ɗaya. Babu gwanintar rubuta manhaja da za ta magance wannan, domin yanayi ne da kansa yake mayar da ƙaramin bambanci babba. Matsalar Patriot kuwa gyaran manhaja ya ishe ta. Rarrabe waɗannan biyu, a san lokacin da za a sauya hanya da lokacin da za a gaya wa mai aiki cewa bayanansa ba za su iya amsa tambayarsa ba, yana cikin mafi darajar abin da wannan digiri ke bayarwa, kuma kwas ɗin da ya tsaya ga fanni ɗaya ba kasafai yake zama a kansa ba.

Tambaya ta biyu ita ce ta tsada. A lissafin kan takarda, da zarar an tabbatar cewa hanya tana kai wa ga amsa, magana ta ƙare. A ɗauki jerin ikweshon 20 masu lambobi 20 da ake nema. Ƙa'idar Cramer, wadda ake koyarwa a sakandare don lambobi biyu ko uku, daidai take ko da lambobin nawa ne. Amma idan aka bi ta yadda ake koyar da ita, ana warware kowace ditaminan (wata lamba da ake fitarwa daga jadawalin lambobin ikweshon ɗin) layi-layi, ditaminan ɗaya tana buƙatar ninkawa sama da 2 mai sifiri 18 a bayanta. Na'ura mai yin ninkawa biliyan ɗaya a sakan za ta shafe fiye da shekara 77 a kanta, kuma ditaminan 21 ake buƙata, wato sama da shekara 1,600. Hanyar Gauss, wadda ke kawar da lambobin ɗaya bayan ɗaya, tana gama wannan aiki da matakai kimanin 6,000, kafin ƙiftawar ido. Duka hanyoyin biyu sahihai ne a idon tsantsar lissafi, kuma sayen na'ura mai ninkin gudu sau dubu ba zai ceci ta farko ba idan aka ƙara ikweshon uku kawai.

A nan ne kuma tambayoyin biyu suke sarƙewa, domin hanyar Gauss mai sauri tana iya rushewa idan aka raba da wata lamba ƙarama ƙwarai a tsakiyar aiki. A shekarun 1940 an yi fargabar cewa kuskure zai cinye amsar a manyan matsaloli; von Neumann da Herman Goldstine sun yi nazarin abin a 1947, Turing a 1948, sannan James Wilkinson ya fayyace shi a 1961. Maganin da ake amfani da shi har yau shi ne a sauya jerin layukan a kowane mataki domin a raba da lamba mafi girma. Layi kaɗan ne a manhaja, amma dalilinsa shafuka ne na hujja.

Wani misalin shi ne hanyar da James Cooley da John Tukey suka wallafa a 1965 ta warware sigina zuwa sassanta, wadda aka gano daga baya cewa Gauss ya riga ya san ta tun wajajen 1805. Ga ma'auni miliyan ɗaya, hanyar kai-tsaye na buƙatar matakai kimanin tiriliyan ɗaya, tasu kuwa kimanin miliyan 20, ragin ninki 50,000. Sarrafa sauti, hoton asibiti da sadarwar waya duk suna cin moriyarta. Akwai kuma matsalolin da har yau ba a samo musu hanya mai sauri ba, irin su tsara hanya mafi gajarta da za ta ratsa garuruwa da yawa. Tambayar ko irin wannan hanya tana nan, wadda Stephen Cook ya tsara a 1971, tana cikin matsaloli bakwai da Cibiyar Clay ta sa wa kowace ladan dala miliyan ɗaya a 2000. Ɗalibin wannan fanni ba a sa ran ya warware ta, amma ana sa ran ya gane irin matsalar idan ta zo masa da wasu tufafi, ya daina neman cikakkiyar amsa, ya nemi ta kusa wadda zai iya faɗin iyakar nisanta da mafi kyau.

Tsarin karatun, ko na shekara uku ne kamar a Ingila ko na huɗu kamar a Amurka, yakan fara da kalkulas (lissafin sauyi), aljabarar matiris (jadawalin lambobi), rubuta manhaja da lissafin ƙirgaggun abubuwa, wanda ya ƙunshi mantiƙi da nazarin alaƙoƙi. Daga nan sai ikweshon masu bayyana sauyi, lissafin yiwuwa, ƙididdiga, tsarin adana bayanai da algoridim (matakan warware matsala), kafin a kai ga nazarin lissafin lambobi, lissafin neman mafi dacewa da aikin bincike na ƙarshe. Jerin sunayen ba ya nuna inda wahalar take. Wahalar farko ita ce kafa hujja. A sakandare, gwanin lissafi shi ne mai fitar da amsa da sauri. A jami'a sai a ce masa ya tabbatar da cewa amsar tana nan, kuma ita kaɗai ce, ba tare da ya lissafa ta ba, kuma ɗalibai da yawa masu hazaƙa a nan suke fara tuntuɓe. Wahala ta biyu ita ce na'ura ba ta karɓar "a bayyane yake". Duk wani mataki da mai hujja zai tsallake, mai rubuta manhaja sai ya rubuta shi.

Kowane daga cikin horon biyu, na kafa hujja da na rubuta manhaja, yana toshe ɓarakar ɗayan, kuma akwai misali da ya nuna haka ƙarara. Hanyar neman abu a cikin jerin da aka tsara, ta hanyar duba tsakiya a watsar da rabi, tana gano abu a cikin miliyan ɗaya da dubawa 20 kawai, kuma an daɗe da tabbatar da ingancinta da hujja. A 2006 Joshua Bloch ya bayyana cewa wadda ya rubuta wa harshen Java ta yi kimanin shekara tara da ɓoyayyen aibi. Domin samo tsakiya, ana haɗa lambar farkon jeri da ta ƙarshensa a raba biyu, amma idan jerin ya yi girma ƙwarai jimillar tana haura 2,147,483,647, iyakar abin da wurin ajiyar ke ɗauka, sai ta juye ta zama lamba ƙasa da sifiri. Hujjar ba ta yi ƙarya ba, ta dai yi magana ne a kan lambobi marasa iyaka, waɗanda na'ura ba ta da su.

A ganina, idan akwai darasi ɗaya da bai kamata ɗalibi ya wuce shi da haddar jarrabawa ba, to aljabarar matiris ce, domin ita ce ƙashin bayan kusan duk abin da zai biyo baya. Hanyar da Larry Page da Sergey Brin suka bayyana a 1998 ta jera shafukan intanet bisa muhimmanci, wadda aka gina Google a kanta, ninka wani ƙaton matiris ne sau da yawa har lambobin su daina sauyawa, kuma tushenta yana cikin aikin Andrey Markov na farkon ƙarni na 20. Abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira a yau, idan aka buɗe cikinsa, ninka matiris ne da wata ƙa'idar kalkulas ta aji ɗaya, tare da dabarar gangarawa zuwa mafi ƙarancin kuskure da Augustin Cauchy na Faransa ya bayyana a 1847. Ko iyakar da ke tsakanin tsantsar lissafi da na aiki ba ta da tabbas: nazarin lambobin da ba sa rabuwa sai da kansu da ɗaya ya yi ƙarnoni ana ganinsa abin nishaɗin masana, har Ron Rivest, Adi Shamir da Leonard Adleman suka gina hanyar ɓoye saƙo a kansa a 1977.

Haɗakar tana da farashinta, kuma masu tallata kwas ba su cika faɗinsa ba. Sa'o'in karatu ba sa ninkuwa don an haɗa fanni biyu, saboda haka dole a zubar da wani abu. A ɓangaren kwamfuta, abin da ya fi faɗuwa shi ne darussan tsarin tafiyar da na'ura, sadarwa tsakanin kwamfutoci, rumbunan bayanai da gina babbar manhaja cikin ayari. A ɓangaren lissafi kuma akan rage zurfin aljabara da sauran ginshiƙan tsantsar fannin. Wanda ya riga ya tabbata cewa gina manhajojin waya yake so zai sha wahalar ikweshon da ba zai taɓa amfani da su ba, kuma abokinsa da ya karanta kimiyyar kwamfuta zalla zai riga shi sabawa da aiki. Wanda burinsa digirin digirgir a tsantsar lissafi ne zai isa can da giɓi. Mai raba ƙafa kawai saboda ya kasa zaɓa shi ne ya fi shan wahala, domin darussan ba sa sassauta masa ta kowane ɓangare.

Saboda haka ya kamata mai neman gurbi ya karanta jerin darussan da idon basira. A wasu jami'o'in, digirin rabin darussan wannan sashe ne da rabin na wancan, babu malamin da ya ɗauki nauyin haɗa su, har lokutan lacca sukan yi karo. Alamar kwas mai kyau ita ce darussan tsakiya su zama wajibi, kuma a cikinsu a tilasta wa ɗalibi ya kafa hujjar hanya, ya rubuta ta a na'ura, sannan ya auna ko kuskuren da ya gani ya dace da wanda hujjar ta yi hasashe. Harshen kwamfutar da ake koyarwa ba ma'auni ba ne. Fortran ya fito tun 1957, kuma manhajojin matiris da aka rubuta da shi suna nan a ƙarƙashin kayan aikin Python da ɗaliban yau ke amfani da su ba tare da sun sani ba.

Waɗanda suka kammala sukan shiga hukumomin hasashen yanayi, kamfanonin inshora da bankuna, tsara jigilar kaya da jadawalin jiragen sama, tsaron bayanai, binciken lafiya da gina tsarin koyon na'ura. Manhajojin da ke rubuta manhaja da kansu sun rage darajar iya rubutu kaɗai, amma amsar da suke fitarwa tana buƙatar wanda zai iya cewa ko hanyar za ta jure idan bayanai suka ninka sau dubu, ko alƙalumanta abin dogaro ne. Abin da digirin ba ya bayarwa shi ne fanni na uku, wato ilimin abin da ake lissafawa a kansa. Wanda zai yi samfurin annoba sai ya zauna da likitoci ya fahimci yadda ake tattara alƙaluman marasa lafiya da inda suke da rauni, wanda zai yi na yanayi sai ya koyi kimiyyar iska, kuma akasari ana samun wannan ne a digiri na biyu ko a shekarun farko na aiki.